Shatin Yatsu Huɗu a Kuncina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da aka zaunar da mijina a zauren gidanmu na Kudan ana zarginsa da cewa ya mare ni ba. Mutumin da ko kaza ce ta shigo masa ɗaki lallaɓa ta yake yi ta fita, shi dattawan gidanmu suka sa a gaba, ni kuwa da na haddasa abin ina laɓe a bayan ƙofa ina cizon gefen hijabi. Shekara huɗu ke nan, amma har yau in na ga lemon tsami a tire sai kuncina na hagu ya ɗauki zafi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a Ikara. Ba likita ba ce ni (amma a danginmu duk wanda ya sa farar riga likita ne, ni kuma ban taɓa wahalar da kaina wajen gyara musu ba). Ranar awo ni nake yi wa mata bayani kafin a fara dubansu, kuma kowa ya san karatuna ɗaya ne, wato man bilicin. Ko maganar shayarwa na fara, sai na zagayo na sauka a kansa. In na hango mace fuska fara gaɓoɓin yatsu baƙaƙe, ranar ta shiga uku. Ƙanwata Zulai ma ba ta tsira ba, na taɓa zazzage jakarta na kwashe mayukan na zuba su a masai, ina yi mata wa'azi tana kuka.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne ni ma abin yana cina a rai. Zulai ta ɗauko hasken Innarmu, ni na ɗauko baƙin Babanmu, Allah ya ji ƙansa. A baki ina alfahari da shi. To akwai wani hoton taron suna da aka tura a rukunin danginmu na waya, wata 'yar'uwa ta rubuta a ƙasansa wai a kunna fitila a nemo Yaya. Kowa ya yi dariya, ni ma na tura tawa dariyar, sannan na goge hoton daga wayata. Da aka sa ranar auren Zulai, aka fitar da anko mai ruwan hoda, sai maganar fitilar nan ta dawo mini sabuwa.

A lokacin duk Asabar ina zuwa Makarfi ƙaro karatu. Akwai wata malamarmu, Malama Saratu, dattijuwa mai sanyin magana, ita ke koya mana yadda sassan jiki suke aiki. Ranar da ta yi darasin fata na makara, saboda motar da na shiga ba ta bar ƙauye ɗaya ba ta tsaya ɗaukar rake ba. Na shiga na raɓe a baya, na tarar tana cewa a cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne yin launi, launin da ake kira melanin, kuma da baƙi da fari kusan yawan ƙwayoyin ɗaya ne, a aiki suka bambanta. A cikin kowace ƙwaya akwai 'yan mitsi-mitsin jakunkuna, a nan ake haɗa launin. Idan cikin jakar ya yi tsami da yawa, sinadarin da ke haɗa launin sai ya yi sanyi, launi ya yi kaɗan. Idan tsamin ya ragu, sai ya tashi haiƙan. Na rubuta wannan maganar a littafina, na ja layi biyu a ƙarƙashinta. Daidai nan tela ya kira ni a kan ɗinkin anko, na fita amsawa, muka yi ta gardamar hannun riga har aka tashi daga aji. Malama ta raba takarda mai shafi uku, na karanta na farko a mota, nan ma na ja wa maganar tsamin layi biyu, na ninke ta.

Kafin mu iso Ikara na gama lissafina. Tsami yana rage launi, lemon tsami kuwa sunansa ma ya nuna. Na ce wa kaina ai wannan ba bilicin ba ne, kimiyya ce, kuma abu ne na Allah da ke fitowa a bishiya. (Haka duk mai shirin yin wauta yake fara wa kansa fatawa.) A tasha na cika leda da shi.

Kullum da sassafe sai in matse, in shafa, in jira ya bushe, in wanke da sabulu in tafi aiki in wuni a ɗaki. Kwana uku ban ga canji ba sai raɗaɗi. A rana ta uku Baban Amira, maigidana ke nan, ya dawo daga masallaci ya same ni a bayan ɗaki fuska sharkaf. Shi gyaran injin ban-ruwa yake yi wa masu noman rani, kuma Allah ya ba shi hannu, tafinsa ɗaya ya kusa faranti. Ya tambaye ni ko mura nake yi. Na ɗauko takardar Malama na karanta masa wurin da na ja wa layi, da irin muryar da nake yi wa mata ranar awo. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai sana'arsa gyara ce, kuma bai ga abin da ya lalace a nan ba. Ban kula da maganar ba, hankalina yana kan kada labari ya fita.

"Ka yi mini alkawari, ko wa ya tambaye ka ba za ka faɗa ba," na ce masa.

"Na yi," ya ce, ya wuce shan kokonsa.

Da na tuna irin mutumin da nake aure, da ban nemi wannan alkawarin ba. Shi in ya ce ya yi, to ya yi ke nan.

Ranar Alhamis, saura mako biyu da 'yan kwanaki biki, aka tura mu rigakafi ƙauyukan wajen Saulawa. Da safen na yanke shawarar ƙara wa maganin ƙarfi, na haɗa har da ɓawon na murje shi da hannu a cikin kofi. Hannuna jage-jage sai ga kiran Gwaggo Asabe, yayar Babanmu, a kan maganar kayan ɗakin amarya. Gwaggo in ta fara gaisuwa sai ta tambayi lafiyar kowa har awakin maƙwabta. Na riƙe waya da dama, na rafka tagumi da hagu, ina ta "lafiya lau, Gwaggo". Ba mu gama ba mai babur ɗin ofis ya danna hon a ƙofar gida. Na zura hijabi, na ɗauki akwatin allura, na goge hannu a zani na fita. Fuska kam ban taɓa ta da ruwa ba, don a ganina ranar ban ma shafa komai ba.

Mun wuni a rana, daga wannan unguwa zuwa waccan ruga. Da yamma kuncina ya fara zugi kamar an goga mini barkono. Washegari ya kumbura ya yi 'yan ƙuraje masu ruwa. Na ce wa abokan aiki wani ƙwaro ne, na ƙi zuwa Makarfi a wannan Asabar ɗin. Da mako ya zagayo ƙurajen suka bushe, fata ta saɓule, abin da ke ƙasa ya fito. Na tsaya gaban madubi na ga shatin yatsu huɗu a jere da ɗan gefen tafi, baƙi ƙirin, ya fi sauran fuskar duhu nesa ba kusa ba. Ni da na fita neman haske, ga abin da na samo.

Asabar ta gaba dole na je Makarfi da hijabi a janye har gefen hanci. Malama Saratu ta lura, amma ba ta ce komai a gaban ɗalibai ba, sai da aka tashi ta ce in same ta a ofis. (Wannan kaɗai ya isa in yi mata addu'a har ƙarshen rayuwata.) Ta ɗaga haɓata ta duba, ba ta tambayi wa ya yi ba, sai ta ce, "Lemon tsami ne ko?" Na sunkuyar da kai na zayyana mata komai, har da layi biyun da na ja. Ta tambaye ni ko na karanta shafi na biyu. Na ce a'a.

Sai ta zaunar da ni ta yi mini darasin da na guje wa saboda hannun riga. Ta ce tsamin da take magana yana can cikin jaka, jakar tana cikin ƙwaya, ƙwayar tana ƙarƙashin saman fata, kuma ƙwayar ce da kanta take ƙara shi ko ta rage ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin jakar. Ruwan lemon da aka shafa a waje ba shi da hanyar zuwa can. Abin da ke sa ƙwayar ta motsa saƙo ne. Idan rana ta doki fata, ƙwayoyin sama sai su aika cewa ana cutar da su. Ƙwayar launi tana da wurin karɓar saƙon a jikinta, daga nan ya bi hannu-hannu zuwa ciki, har a ba da umarni a ƙara sinadarin haɗa launi, a kuma kashe tsamin jakunkunan, kamar yadda mace take jefa kanwa a miyar tumatir. Nan da nan aiki ya kankama, a yi launi a rarraba wa ƙwayoyin da ke maƙwabtaka, kowace ta yi wa kanta lema da shi. Ta ce a cikin lemon tsami kuma, musamman ɓawonsa, akwai wani abu da in ya zauna a fata rana ta same shi sai ya ƙona wurin, ƙuna kuwa ita ce kiran da ya fi kowane ƙarfi. Duk inda yatsuna suka kwanta, can aka yi gayyar ma'aikata.

Na tambaye ta magani, saura kwana bakwai biki. Ta ce maganinsa haƙuri da guje wa rana, kada in dirje, kada in sake shafa komai, zai dushe da kansa cikin watanni. Na ji kamar in kwanta a ƙasan ofishin nan.

Na isa Kudan ranar Juma'a da hoda hawa uku. Ranar ta wuce lafiya, ina ta ba mutane gefen dama kamar mai ciwon wuya. Safiyar Asabar, ranar ɗaurin aure, aka sa ni a murhun waina, tunda ni ce babbar yaya. Wuta ta yi wuta, zufa ta karyo, na sa gefen hijabi na share fuska ba tare da tunani ba. Ina ɗagowa muka yi ido huɗu da Gwaggo Asabe. Ta ajiye kwanon da ke hannunta, ta kama haɓata ta juya ta wajen haske.

"Ke 'yar nan, wa ya yi miki wannan?"

A nan ne Allah ya ba ni dama in faɗi gaskiya a gaban mutum ɗaya tak. Amma ga Zulai can a ɗaki cikin lalle, ga 'yan'uwan da na sha yi wa gori a kan mai sun kewaye murhu. Sai na ji bakina ya ce ƙofa na buge. Gwaggo ta ce ita dai ta tsufa a duniya ba ta taɓa ganin ƙofa mai yatsu huɗu ba. Ta gyara ɗaurin zaninta ta nufi zaure wurin Baffa Iro, ƙanen Babanmu, wanda shi ya ba da aurena kuma shi zai ba da na Zulai. Inna kuwa, da yake ni 'yar fari ce ba za ta buɗe baki a kan maganata ba, ta shige ɗaki kawai ta zauna tana share hawaye.

Baban Amira ya iso ke nan daga Ikara da abokansa, ya sha babbar riga, yana gaisawa da mutane a ƙofar gida. Aka aika ya shigo shi kaɗai. Na bar waina tana ƙonewa na lallaɓa bayan ƙofar zauren ta cikin gida. Ta tsagar ƙofa na hango shi a durƙushe, ga Baffa a kan buzu, ga wasu dattawa biyu na dangi, ga Gwaggo a tsaye. Baffa bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ya ce shi da hannunsa ya ɗauki marainiya ya ba shi, bai taɓa jin wani abu marar daɗi daga gare shi ba, shi ya sa yake so ya ji daga bakinsa.

"Ka san abin da ya sami fuskarta?"

"Na sani, Baffa."

"To faɗa mana."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ku gafarce ni, Baffa, ba zan iya faɗa ba."

Duk wanda ke zauren ya ɗauka ya amsa laifi ke nan. Gwaggo ta fara salati. Baffa ya ce to shi ke nan, bayan biki ba zan koma Ikara ba sai manyansa sun zo an zauna. Kuma ga mutane cike da ƙofar gida, kafin azahar labari zai kai Ikara cewa mai gyaran inji yana dukan matarsa. Ina kallonsa, zufa tana bin wuyansa tana shiga sabuwar rigar, bai ko waiwayi ƙofar da ya san ina bayanta ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na ga cewa don kada a yi mini dariya ta yini ɗaya na bar mutum yana shirin ɗaukar baƙin suna na har abada.

Na tura ƙofar na yi sallama na zube a gaban Baffa. Na ce ba shi ba ne, ni ce, lemon tsami na shafa don in yi haske a hoton biki, ni na sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Gwaggo ta ce ƙarya nake yi, rufa masa asiri nake, haka mata suke yi. Da na rasa yadda zan yi, sai na ɗaga hannuna na hagu na yi tagumi a gabansu. Yatsun suka zauna a kan shatin ɗaya bayan ɗaya, babu ragi babu ƙari. Gwaggo ta matso ta leƙa. Sannan ta juya ta kalli hannuwan Baban Amira da ke kan gwiwarsa, ta sake kallon kuncina. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce in da wannan hannun ne, ai da har kunne da ido sun tafi.

Ni kuma tsabar ruɗewa sai bakina ya ƙi tsayawa. Na shiga yi wa dattawa darasin Malama Saratu, jakunkuna, tsami, saƙo, kanwa, lema, ban bar komai ba, ina yi ina jan hanci. Baffa ya saurara har na kai aya.

"To su waɗannan ma'aikatan na cikin fata, da aka kira su, sun zo sun yi aikinsu ke nan?"

"Sun yi, Baffa."

"To a maganar nan su da mijinki ne kawai suka san abin da suke yi."

Daga nan ya juya ga Baban Amira, dattijo da furfurarsa, ya roƙe shi ya yafe musu, sun yi gaggawa. Shi kuma ya ce babu komai, ai abin da uba ya kamata ya yi ke nan. Gwaggo ma ta ce a yi haƙuri, amma a kaikaice, tana hararata.

Da na juyo na tarar duk matan tsakar gida sun baro murhu sun taru a bayan ƙofar da na baro. Babu wadda ba ta ji ba. Kafin in kai ɗakin amarya labari ya riga ni, na samu Zulai tana dariya har lulluɓinta ya zame, tana tambayata ko masan da na zuba mayukanta yana karɓar lemon tsami. Na zauna na sha tsiya har la'asar, don na ci a yi mini. Inna kuwa ta turo mini kwanon waina mai zafi, na gane ta huce. Da mai hoto ya zo, ina neman in ɓuya a layin baya, sai Zulai ta jawo ni ta manna kuncinta a kan nawa na hagu. Duk hotunan bikin haka muka fito, kamar don tsabar ƙauna ne. (Ƙaunar ce kuwa, yarinyar da na sa kuka ita ta rufa mini asiri.)

Ranar Lahadi da hantsi muka kama hanyar Ikara a kan babur, na rufe kuncina da mayafi kamar yadda Malama ta ce. Mun wuce gonakin rake. Can na daure na tambaye shi, da ban shigo zauren ba fa, haka zai bari a tafi da sunansa? Ya ce ai ya san zan shigo, abin da bai sani ba kawai shi ne ko wainar za ta kai labari. Na ɗaka masa duka a baya. Sai ya rage gudu ya ce, "A wannan zauren na durƙusa na roƙi fuskar nan a yadda take. Ban ce a sauya mini ita ba." Na yi kuka sosai a bayansa, ya yi kamar bai ji ba.

Shatin ya yi wata biyar kafin ya ɓace. Ban iya ɓoye shi a wurin aiki ba, don haka ranar awon farko na cire mayafin na ba mata labarin da bakina. Ban taɓa ganin sun saurare ni kamar ranar ba, har wata ta biyo ni ɗaki ta nuna mini man da take shafawa ta ce in gaya mata gaskiya a kansa. Yanzu na daina nuna yatsun kowa a bainar jama'a, nawa sun ishe ni misali. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da Malama Saratu, da Zulai, da mutumin da ya zaɓi a zarge shi a kan ya karya mini alkawari.

Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Duk takardar da aka ba ni yanzu sai na kai shafin ƙarshe ko da tela zai kira sau goma, kuma ba na yin tagumi sai na wanke hannu. Baffa Iro dai har yanzu duk shekara in bishiyar lemon tsamin bayan gidansa ta yi 'ya'ya sai ya aiko mini da leda guda, da saƙon cewa na kunu ne, a ba mijina ya ajiye.